Aikin Gida da Kuɗin Kashewar Yara: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi

Iyaye ne ke tare ni da waɗannan tambayoyi, wasu a taron iyaye da malamai, wasu a gidan suna, wasu a bakin ƙofar makaranta in an tashi yara. Na daɗe ina koyarwa a firamare tsakanin cikin birnin Zariya da Tudun Wada, na raini nawa, na raini na riƙo, don haka yawancin abin da zan faɗa na gani da idona, wani ma ni na tafka kuskurensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowa ya ɗauki wanda ya dace da gidansa.

Malama, daga shekara nawa ya kamata yaro ya fara aikin gida?

Daga ranar da kika ɗauki tsintsiya ya biyo ki yana kuka sai kin ba shi. Yawanci yana ɗan shekara 2 zuwa 3 ke nan, kuma a nan mu iyaye mata muke yin kuskuren farko: "Kai matsa, kana ɓata mini lokaci!" Gaskiya ne, sharar da zai yi sai an sake ta. Amma wanda aka kora yana ɗan shekara 3 shi ne za a riƙa yi wa ƙorafi yana ɗan 12 cewa ko kofin da ya sha ruwa ba ya iya ɗaukewa.

Mai shekara 3 zuwa 4 zai iya kai kwanonsa wurin wanke-wanke, ya jera takalma a ƙofar ɗaki, ya watsa wa kaji tsaba. Mai 5 zuwa 6 ya naɗe tabarma, ya tsince wake, ya tsinke zogale. Shekara 7 kuwa, wadda aka ce a fara umartar yaro da salla a cikinta, ita nake ɗauka lokacin yanka masa aikinsa na kansa, wanda kowa a gidan ya san nasa ne: in an tarar ba a cika butoci ba, an san wanda za a kira. Daga 10 ya wanke kayan makarantarsa, ya kai niƙa, ya dafa shayi ana kallonsa. Wanda ya shiga sakandare ya kamata a iya barin masa gida na yini guda, ya ciyar da ƙannensa, a dawo a tarar ba a yi gobara ba.

Ya kamata in riƙa biyan su in sun yi shara ko wanke-wanke?

A'a. Ita ce tambayar da aka fi yi mini, ita ce kuma na fi kafewa a kan amsarta.

Yaron da ya ci tuwo a kwano, wanke kwanon haƙƙi ne a kansa, kamar yadda ba wanda ya biya uwarsa don ta tuƙa tuwon. Ranar da kika sa wa shara farashi kin mayar da ɗanki ɗan ƙwadago, shi kuwa ɗan ƙwadago yana da ikon ya ce yau ba ya bukatar kuɗin. Na ga haka a gidan wata ƙawata a Gyallesu. Ta sa naira 50 a kan sharar tsakar gida, abu ya yi ta tafiya lafiya lau har aka yi sallah, yara suka dawo yawon sallah aljihu cike. Mako biyu ba wanda ya taɓa tsintsiya. Da ta yi magana, ƙaramin ya ce, "Umma, ai muna da kuɗi." Ba ta iya dukansa ba, domin ƙa'idar da ta shimfiɗa ya bi. Kuma cinikin ba ya tsayawa a shara: gobe a ce "miƙo mini buta" a ji "nawa za ki ba ni?", jibi kakarsa ta aike shi ya tsaya jiran lada.

A raba abin gida biyu. Aikin gida ana yin sa don ana zaune a gidan. Kuɗin kashewa ana bayarwa don yaro ya koyi riƙon kuɗi, ya yi ɓarnar naira 200 yanzu kafin ranar da zai riƙe albashi ko jari. In aka ɗaure su da igiya ɗaya, duka biyun lalacewa suke yi.

To babu aikin da yaro zai yi a ba shi lada ke nan?

Akwai. Duk aikin da in yaron bai yi ba sai an kira wani daga waje an biya shi, to in ya yi a biya shi: wanke motar Baba ko babur, yashe kwata kafin damina ta sauka, nome ciyawar bayan gida, sussukar masara da kaka. A yi ciniki kafin a fara, a duba in an gama, a biya nan take. In bai yi kyau ba a ce ya sake, kamar yadda za a ce wa bare.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. A zaman gandu, samari na yi wa maigida aiki a babbar gona ba a biyan su, domin daga rumbun nan kowa ke ci. Amma akan yanka wa ɗa gayauna, 'yar gonarsa ta kansa, wadda yake nomawa da yamma ko ranar da ba a fita gandu. Abin da ta ba shi nasa ne, ya yi riga ko ya sayi tunkiya. Shara da wanke-wanke su ne gandu, aikin lada shi ne gayauna. Haka a gidajen cikin birni da ake ɗinkin hula da aikin babbar riga: yarinyar da ta zauna ta cike wani ɓangare, uwa mai adalci takan cire mata nata in an karɓo kuɗin aiki.

Nawa ya kamata in riƙa bayarwa?

Adadin da duk na yanke yau, kafin wata shida ya zama abin dariya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda darajar ƙananan kuɗi ta zube. Naira 5 da naira 10 yanzu ko mai alewa sai ya yatsina fuska. Gara in ba ki hanyar lissafi.

Ki je bakin makarantar da kanki lokacin tara, ki ga abin da ake sayarwa, awara ce, ƙosai, gyaɗa ko rake, ki ga na nawa zai riƙe cikin yaro zuwa tashi. Wannan shi ne kuɗin tara, kuma abinci ne, yana cikin ciyarwar da ke kan uba. Haka kuɗin Keke ko bas, kuɗin laraba na makarantar allo, fensir da littafi. Kuɗin kashewa shi ne ɗan abin da aka ɗora a kai, wanda yaro zai kashe ko ya adana ba tare da an tuhume shi ba. Misali in kuɗin tara naira 200 ne a rana, wato 1,000 a mako, ƙarin 200 ko 300 a mako ya ishi ɗan firamare. Kada ya yi yawan da duk abin da ya gani zai iya saye, don wanda bai taɓa rasawa ba ba ya koyon zaɓi. Kuma a daina auna gida da abin da 'ya'yan wane ke zuwa da shi.

Kullum zan bayar ko mako-mako? Nawa in an ba shi na mako, ranar Litinin yake cinyewa.

'Yan aji ɗaya zuwa uku, kullum; mako a wurinsu shekara ne. Daga aji huɗu a gwada na mako. Ɗan babbar sakandare ko na makarantar kwana, na wata.

Wanda ya cinye ranar Litinin, a bar shi. Ya karya a gida ya ƙoshi, a zuba masa ɗumame a 'yar roba in ana tsoron yunwa, amma kada a ƙara masa ko sisi. Ranar Laraba zai zauna yana kallon abokansa na cin awara da yaji, kallon nan shi ne karatun. Mu ne ke ɓata abin: Baba ya hana, Umma ta faki ido ta cusa masa, ko Hajiya kaka ta kwance bakin zane. Sai iyaye sun haɗa baki, kakar ma a roƙe ta cikin ladabi ta mayar da kyautarta ta ranar Juma'a.

Maigidana ya ce namiji ba ya wanke-wanke, kada in mayar masa da ɗa ɗan daudu. Yaya zan yi?

Kada ki ja da shi a gaban yara. In kun keɓe, ki tuna masa an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita; Bukhari ne ya ruwaito. An kuma ruwaito yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa. Wane namiji ne ya kai shi?

Sannan ki kawo masa abin da idonsa ke gani. Mu da ke Zariya ba sai an ba mu labari ba: duk shekara samari na cika ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, kuma ba uwar da ke biyo ɗanta ta dafa masa. Wanda bai iya ba, kuɗin wata ya ƙare a teburin mai shayi kafin sati biyu. Daga nan a tura shi bautar ƙasa jihar da ko tuwo ba a sayarwa. Masu shayin nan da masu tsire da masu wanki da guga ai duk maza ne, ba mai ce musu komai tunda biyan su ake yi.

In ya ƙi sauka, a fara da abin da ba zai yi gardama a kai ba. Yaron ya wanke kwanon da shi ya ci a ciki da kayan da shi ya sa, ya share zaure da ƙofar gida, ya yi cefane. Girki ya biyo baya a hankali, ta hanyar dafa wa Baba shayi.

'Yata ta fari ce ke yin kusan komai, don ita ta iya. Laifi ne?

Laifi ne, kuma shi ya fi yawa a gidajenmu. A aji nakan gane irin yaran nan tun kafin a gaya mini: ita ce mai makara kullum, hannunta ya yi kaushi da sanyin hunturu, ƙarfe goma na safe tana gyangyaɗi. Ta tashi tun asuba ta hura wuta, ta yi wanke-wanken daren jiya, ta yi wa ƙanne wanka, ta goya ƙaramin kafin uwa ta gama dama koko. Mai bi mata, tazararsu shekara ɗaya, yana kwance har sai an zuba masa. In sakamako ya fito ya fi ta maki, a ce ai shi mai ƙwaƙwalwa ne.

Akan ce horo ake mata don gidan miji. Mai koyo ana nuna mata, ana taya ta, tana hutawa. Wadda aka sakar wa gida gaba ɗaya aikin uwarta take yi.

Ki zauna ki lissafa ayyukan gidan duka, har da waɗanda ba a ɗauka aiki ba irin su raino da aike. Ki raba wa kowa gwargwadon shekarunsa, a rubuta a manna a bayan ƙofar kicin, a riƙa juyawa duk mako don kada wanke makewayi ya zama gadon mutum ɗaya. Makon farko za ki ji kamar ki ƙwace ki miƙa wa Yaya, domin shinkafa za ta caɓe, kwanuka su fito da maiƙo. Ki daure.

A gidan mata biyu ko uku abin ya fi bukatar ido, kuma idon maigida ne. Kowane ɗaki ya share nasa, amma tsakar gida da zaure da makewayi da kai shara bola na kowa ne, kada 'ya'yan ɗaki ɗaya su zama su ne masu yi. Kuɗin kashewa kuma ya fito daga hannun uba, rana ɗaya, a gaban kowa, bisa shekaru, ba tare da duba wace ce uwar ba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Gabar 'yan uba da ake gani ranar rabon gado, wata tun daga kuɗin tara ta faro.

Muna da 'yar aiki, ga almajirin da ke mana shara. Me zai sa in wahalar da yarana?

Domin 'yar aiki ba za ta bi su gidajensu ba. Kuma yaron da ya tashi yana kwance sa'arsa na wanke masa kwano, wani karatu yake ɗauka, cewa akwai waɗanda aka halitta don wahala. Wannan ya fi rashin iya wanke-wanke illa. Ko da mai aiki, ɗakinsu da kayan sawarsu da kwanon da suka ci nasu ne. Kada a bar ɗan gida ya riƙa aiken almajiri ko daka masa tsawa. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko uffan bai taɓa ce masa ba.

In 'yar aikin ƙaramar yarinya ce da aka kawo daga ƙauye, maganar ta wuce tarbiyya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a gidan da ba nasu ba kuma ba na danginsa ba, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2018. 'Yar riƙo da agola kuwa 'ya'yan gida ne, layi ɗaya a rabon aiki, kuɗi ɗaya ranar rabo.

Ɗiban ruwa fa? Unguwarmu famfo ba ya kawowa.

Bazazzagi ba ya bukatar a yi masa bayanin wahalar ruwa. Yara za su ɗebo, babu makawa, amma a duba abin da ake aza musu. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, don haka jarka mai lita 25 irin ta 'yan garuwa rabin buhun siminti ce, kusan nauyin ɗan shekara 8 gaba ɗayansa. Ƙaramin bokiti ko galan, sawu uku, ya fi sawu ɗaya da zai taɓa masa wuya da baya.

Rijiya marar murfi ba wurin yaro ba ce komai wayonsa, balle da damina in bakinta ya yi santsi. Ban kuma yarda a bar wa ɗan ƙasa da shekara 10 kunna gas, sauke ruwan zafi, suya da mai, zuba kananzir a risho ko taɓa fiya-fiya ba. Kananzir ɗin ma kada a zuba shi a robar lemo, ƙanana na ɗauka su kurɓa. Sai aiken da zai sa yaro tsallaka babban titi irin na Kwangila ko Ɗanmagaji, da aiken bayan magariba. In magi ya ƙare da dare, a ci miyar haka.

Talla tana cikin aikin gida? Da ita nake tara wa yarinya kayan ɗaki.

Ba na raina wannan tambaya, na san gidajen da in ba a fita da farantin ƙosai ba, ba a ɗora tukunya. Amma aikin gida a gaban idonki ake yin sa, talla kuwa tana kai yarinya tasha da gareji da majalisar samari, inda ba ki ganin mai kiranta. Doka ma ta bambanta su: ta yarda yaro ya taya iyayensa aiki marar nauyi na gida ko gona, ta hana sa shi talla a manyan tituna, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa iyaye sa yaro makaranta shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3.

In sana'ar dole ce, a sauya mata fasali. A kafa tebur a ƙofar gida, a riƙa kai wa masu shago sari, masu saye su aiko ko su kira waya. In yarinya za ta kai saƙo, ya zama gidan da aka sani, da rana, bayan an tashi makaranta, tare da 'yar uwarta. Kuma a daina dukan yaro don ya yi kwantai ko kuɗi sun ɓace. Tsoron dukan nan ne ke sa yarinya karɓar kuɗin wanda bai kamata ba don ta cike.

Kuɗin barka da sallah da suke samowa, laifi ne in na karɓa na yi hidimar gida?

Kowannenmu ya san "kawo in ajiye maka", kowannenmu kuma ya san ba a sake ganin kuɗin. Yanzu muna ba da labarin muna dariya, amma ki tuna abin da kika ji a ranki ranar da kika tambaya aka ce ai an saya miki takalmi, takalmin da kin san tun kafin azumi aka saye shi. Abin da yaro ke koya a nan shi ne ajiya asara ce, gara ya cinye a wurin kallon hawan Daushe kafin ya iso gida. Daga baya mu zo muna mamakin ba ya iya tattali.

Akwai hadisi a Abu Dawud: wata mata ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. In haka ne a kan dabino, ina ga kuɗin da aka karɓa da sunan amana?

In gida na cikin matsi, a gaya wa yaro gaskiya: "Ranta mini, babu kuɗin cefane, ƙarshen wata zan mayar." A kuma mayar. Yara na jin daɗin a ce su suka fitar da gida kunya fiye da yadda muke zato. In ajiya ce ta gaske, a sami ɗan littafi, a rubuta abin da ya shiga da ranar da ya shiga, har da kuɗin tashe, yaron na gani.

Asusu, kiwo ko banki, wanne ya fi?

Ga ƙaramin yaro, asusun ƙasa irin na masu tukwane, domin ba ya buɗuwa sai an fasa. Amma a sa masa buri da wa'adi: takalmin ƙwallo kafin babbar sallah, misali. Kada a bar shi shekaru. Danshi da gara na cin takardar kuɗi, darajarta na zubewa, kuma ba mu manta canjin kuɗin farkon 2023 ba, da aka yi ta fasa asusu ana rige-rigen rabuwa da tsofaffin takardu.

Ni dai kiwo na fi so. Kaza ɗaya, in ta yi ƙyanƙyasa biyu ko uku aka sayar, sai ta kama hanyar zama 'yar akuya. Yaro ya san in bai ba ta dusa da ruwa ba asararsa ce, ga aiki ga dukiya wuri guda, gayauna ke nan a tsakar gida. Sai dai a yi rigakafi, don ciwon kaji kan shigo da hunturu ya share akurki. Ranar da baƙi suka zo kuma kada a yanka zakaransa ba a tambaye shi ba, in an yanka a biya.

Banki sai kuɗin sun yi kauri. Bankuna na buɗe wa yara asusu da sunansu ƙarƙashin kulawar iyaye, mai gudun kuɗin ruwa kuma akwai irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012.

Yarona in an aike shi ba ya dawo da canji sai an tambaya.

A tambaya, kullum, ko naira 10 ce. Ya miƙo, ya faɗi nawa aka sayo kowane abu, sannan in an ga dama a ce ya riƙe. Wanda aka bar masa kyauta ne, wanda ya riƙe da kansa farkon ɗan hali ne. In Inna ta gidan gaba ta aike shi ta ba shi tukwici, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya zo ya nuna. Kuɗin da ba a san inda ya fito ba shi ne abin tsoro. Ko alewa ce a tambayi wanda ya bayar.

In ya ƙi yin aikinsa, in hana shi kuɗin makon?

Tunda ba aikin ake biya ba, hana kuɗi saboda aiki ya mayar da mu gidan jiya. Horon ya fito daga aikin kansa. Bai wanke kayan makaranta ba, ya sa su haka ranar Litinin. Bai yi shara ba, babu fita ƙwallo sai an yi, ko da abokansa na ƙofar gida suna ƙwala masa kira. Inda ake taɓa kuɗi shi ne ɓarnar ganganci: ya fasa gilashin maƙwabta bayan an hana shi buga ƙwallo a lungu, a riƙa cire wani abu daga nasa.

Abu biyu ban yarda da su ba, hana abinci da mayar da aiki bulala. Wanda duk ranar da ya yi laifi ake tura shi wanke makewayi zai girma yana ganin wanke makewayi wulaƙanci ne, ranar da ya yi aure kuma ya san wadda zai bar wa. In ya yi da kyau a faɗa. "Allah ya yi maka albarka" daga bakin uwa ba ƙaramin abu ba ne wurin yaro.

Malama, mu abincin ma da ƙyar. Ina muka ga kuɗin kashewa?

Ba wajibi ba ne, 'yar uwa, kada ki ji kin gaza. Lissafi da zaɓi da haƙuri ake so yaro ya koya, kuma ana koyon su da kuɗin cefane. Ki ba 'yar shekara 11 kuɗin miyar yau, ta haɗo kuka da daddawa da barkono da manja, ki gaya mata tun farko cewa abin da ta rage da iya ciniki nata ne, muddin miyar ba ta ragu ba. Yaran da na ga sun fi iya riƙon kuɗi, da yawansu daga irin gidajen nan suka fito.

Ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare. Kuɗinsa duk a data da gidan kallon ƙwallo suke ƙarewa, kuma ya ce karatun WAEC ya hana shi aiki.

Data da kallon ƙwallo, in daga nasa ne kuma ba sa cin lokacin salla da karatu, a ƙyale shi. Abin sa wa ido shi ne cacar ƙwallo ta waya. Alamarta kuɗi su ƙare da wuri ba a ga abin da aka saya ba, yawan rance wurin ƙanne, wata rana kuma ya shigo da kuɗin da ba wanda ya ba shi. In an ga haka a dawo da shi karɓar na kullum, Baba ya zaunar da shi. In babu wannan, a ƙara masa kuɗi tare da nauyi: a ba shi na wata, a ce aski da sabulu da kuɗin mota duk a ciki suke. Da hutu ya je shagon kawunsa a Sabon Gari, ko wurin tela ko mai gyaran waya, ya ga yadda naira ke shigowa.

Jarrabawa kuwa, a rage masa, kada a ɗauke. Watannin WAEC da NECO ƙannensa su karɓi ɗiban ruwa da aike, shi ma ya rama musu in nasu ya zo. Amma gyaran shimfiɗa da share ɗaki da wanke kwanonsa ba sa cin minti 20. In ya ce karatu ya hana shi waɗannan, a karɓi wayar na yini ɗaya a ga ko lokacin zai samu.